Sola ta miliyan 3.3: shekara nawa za ta yi kafin ta fitar da uwar kuɗinta?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu saka sola a gida. Ni dai inji ya gajiyar da ni, kullum da jarka a but ɗin mota, ga ƙara ga hayaƙi ga mai gyara duk bayan sati uku. Jiya wani mai haɗawa ya zo gidana a Ɗorayi ya duba ya rubuta min takarda: inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) 5kVA dubu 650, batirin litiyam mai ɗaukar yunit 5 (yunit irin na mitar wuta) miliyan 1.4, faranti shida masu wat 550 kowanne dubu 140 wato dubu 840, sai waya da ƙarafa da birka da kuɗin aiki dubu 410. Jimla miliyan 3.3. Kuɗin nan sai na sayar da filina na Ɗanbare zan haɗa su shi ya sa ba na son in yi gaggawa. Tambayata ɗaya ce, wata nawa ko shekara nawa abin nan zai yi kafin ya dawo min da kuɗina? Shi mai haɗawar ya ce shekara biyu, amma ai shi mai sayarwa ne.

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai kafin ka sayar da fili ka saurare ni. Nima haka aka ce min, shekara biyu. Na sayi batura huɗu masu ruwa 220Ah dubu 300 kowanne, shekara biyu da wata biyu suka mutu murus, yanzu ƙarfe tara na dare inbata ta fara kuka ta ɗauke. Wato daidai lokacin da ya kamata in fara cin riba shi ne lokacin da aka ce in sake kawo miliyan ɗaya da wani abu. Faranti suna nan ƙalau ba abin da ya same su, batir ne matsalar, kuma ba wanda ya gaya min haka ranar da nake biyan kuɗi.

Injiniya:
Baban Ilham Allah ya mayar da alheri, zan dawo kan naka. Baban Khalifa fara gaya mana lita nawa kake ƙonawa a rana, sannan wane band kuke, wato rukunin da kamfanin wuta ya sa ku gwargwadon awannin da ake ba ku, sannan me da me kake kunnawa da daddare. Ba a yin wannan lissafin da baki.

Baban Khalifa:
Lita huɗu Injiniya. Wuta kuma in an kawo awa biyar ko shida ne, wani lokaci da tsakar dare. Da daddare fanka uku, firij, talabijin, ƙwayaye kamar takwas. Da rana sai famfon bohol da guga.

Injiniya:
To mu ɗauki lita a naira 1,000 don lissafi ya zo da sauƙi duk da yana hawa yana sauka. Lita huɗu dubu 4 a rana, dubu 120 a wata, ka ƙara dubu 10 na baƙin mai da gyara, dubu 130. Ka raba miliyan 3.3 da dubu 130 zai ba ka wata 25 da ɗan ɗoriya. Ka ga inda mai haɗawar ya samo shekara biyunsa kenan, bai yi ƙarya ba. Amma tsakaninka da Allah lita huɗun nan kullum ne, har da damina da hunturu?

Baban Khalifa:
Gaskiya a'a. A bazara ne da azumi muke kaiwa huɗu. Lokacin sanyi wata rana ma ba a tayar da shi sai dai a ɗebi ruwa. In aka haɗa shekara gaba ɗaya ina ga biyu ne a rana.

Injiniya:
Yauwa. To dubu 60 na mai da dubu 10 na gyara, 70. In ka ƙara abin da za ka rage na katin mita, mu ce dubu 15, ya zama 85. Miliyan 3.3 a kan dubu 85 wata 39 kenan, shekara uku da wata uku. Wannan shi ne lissafinka na gaskiya, ba shekara biyu ba. Kuma har yanzu ba laifi ba ne, saboda faranti masu kyau garantinsu shekara 25 ne, litiyam kuma in na ƙwarai ne ana rubuta masa caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, ko ka ɗauki na ƙasan sau ɗaya a rana ya haura shekara takwas.

Ɗan Kwari:
Ni fa ban gamsu ba. Ku kuna lissafi kamar kuɗin a ƙarƙashin katifa suke kwance. Ba ni miliyan 3.3 in juya a kasuwa ko in sayi wake da masara da kaka in ajiye, a shekara ukun nan ba sai na ninka su ba? Kuma fili zai sayar, fili a Kano yaushe ka taɓa jin ya faɗi? Sola ranar da aka ɗora ta a kan kwano ta zama ta hannu, ka je ka sayar ka ga nawa za a taya.

Malam na Zariya:
Ɗan Kwari maganarka ta fili gaskiya ce, ni ma ba zan ba shi shawarar sayar da fili ba. Amma batun ajiyar hatsi ba kowace shekara take biya ba, akwai waɗanda suka saya da tsada farashi ya karye a hannunsu. Shi kuma kuɗin mai dole ne, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba sai ka saya. Ka tuna kafin 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi lita ba ta kai 200 ba, zuwa Oktoba 2024 ta haura dubu. Ni na saka tawa a 2022 tun dala ba ta tashi ba, a lokacin 'yan'uwa cewa suke na yi almubazzaranci. Da mai ya ninka sau biyar lissafin da na yi na shekara shida sai ya dawo bai kai uku ba.

Ɗan Kwari:
Malam kai ka yi sa'ar lokaci ne. Wanda zai saya yau fa, bayan dala ta haura 1,500 a Fabrairun 2024?

Injiniya:
Faranti dai a kasuwar duniya sauka suka yi ba hawa ba, saboda China ta ƙera fiye da yadda ake buƙata, shi ya sa duk da tashin dala za ka ga kuɗin faranti bai haukace kamar na sauran kaya ba. Ka duba takardar Baban Khalifa da kyau, faranti shida dubu 840, batir ɗaya miliyan 1.4. Kuɗin a batir yake. Kuma ga abin da nake son kowa ya gane a nan. Faranti shida masu 550 wat 3,300 ne. Ranarmu ta Kano mai ƙarfi kamar awa biyar da rabi ce a lissafi, a takarda yunit 18 kenan, in ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na zafi da ƙura da asarar waya da inbata ya rage 13 zuwa 14 a rana. Batirin nan kuwa yunit 5 yake ɗauka, wanda za ka iya sha a ciki 4 zuwa 4 da rabi. To ina sauran yunit tara za su? In ba ka sha su da rana ba sun tafi a banza, batir na cika kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji, za ta rage jan wuta, ranar tana dukan faranti ba abin da ke shiga. Mutane da yawa sun sayi faranti suna fita aiki su kulle gida, rabin abin da suka biya wa kuɗi ba sa moransa, sannan su ce sola ba ta biya.

Maman Sadiq:
Injiniya wallahi ka faɗi abin da ya faru da ni amma ta ɗaya gefen. Ni ba don dare na saka ba, don sana'a ne. Firiza biyu gare ni ina ƙanƙara da soɓo da kunun aya. Farkon 2024 na haɗa adashe biyu da kuɗin ɗan kunnena na saka faranti huɗu da ƙaramar inbata da batura biyu, miliyan 1.35 duka. Ƙarfe tara na safe nake kunna su, biyar na yamma in kashe in rufe da bargo ba mai buɗe min, da safe ƙanƙara tana nan garau. Da can lita uku nake ƙonawa don kawai su yi sanyi, ribar duk ta tafi gidan mai. Wata 14 na rubuta a littafina kuɗina sun fito. Kuma ku tuna Oktoban 2024 da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace arewa ta yi sama da sati ba wuta, a layinmu ni kaɗai ke da ƙanƙara, har maƙwabciyata mai ciwon suga ta kawo allurarta na ajiye mata a firij, yara kuma layi suke da roba tun bakwai na safe.

Baban Khalifa:
Ma sha Allah Hajiya, Allah ya ƙara albarka. Maman Khalifa ma ta daɗe tana maganar firiza, ni ne nake ce mata inji ba zai ɗauka ba.

Maman Sadiq:
Amin Alhaji. To ka saya mata, ita ce za ta fitar maka da kuɗin da wuri ba fankarka ba. Amma ka nemi firiza mai inbata, tsofaffin nan na hannu jan wuta gare su lokacin tashi.

Baban Ilham:
Injiniya ka ce za ka dawo kan nawa. Me na yi ba daidai ba? Don mai shagon cewa ya yi wai ni ne na yi musu lodi, ya ƙi karɓa.

Injiniya:
A ina ka ajiye su, kuma sau nawa kake zuba musu ruwa?

Baban Ilham:
A sito ne, ɗan ɗakin da ke bayan kicin, ba taga. Ruwa kuma gaskiya sai da na shekara kafin wani ya ce min ana zubawa.

Injiniya:
To ga su nan guda biyu. Batirin ruwa zafi ne ajalinsa, ƙa'idar da aka sani ita ce duk digiri goma da ya ƙaru a kan 25 rayuwarsa tana raguwa da kusan rabi, kai kuma ka sa shi a ɗaki ba taga kusa da murhu a garin da Afrilu ke haura 40. Sannan ruwan batir duk wata biyu ko uku ake dubawa, kuma ruwansa na musamman ba na famfo ko fiya wata ba. Na uku, batura huɗu 220Ah a takarda yunit 10 da rabi ne amma rabi kawai ya kamata ka sha, wato 5 da ɗan kai. In kullum kana tatse su har inbata ta yi kuka to kana cin kwanakinsu ne. Laifin wanda ya haɗa maka ne da bai saita ta ta yanke da wuri ba kuma bai zaunar da kai ya yi maka bayani ba. Da an kula da su shekara uku zuwa huɗu suna yi. Shi ya sa in za a yi lissafi da batirin ruwa dole ka saka kuɗin canji a ciki tun farko, in ba haka ba kana yaudarar kanka ne.

Na Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina biye da ku. Mu nan pano muke ce ma faranti. Mu abin da ya koya muna darasi shi ne watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da Najeriya ta yanke muna wuta, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga can take zuwa. Sai cikin Maris 2024 aka maido. Cikin wannan lokaci duk wanda ke da pano shi ne sarki a unguwa, masu cajin salula da masu ruwan sanyi sun samu ƙwarai. A Yamai ma tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta taimaka da rana. Ni tela ne, pano biyu da batiri guda na saka ma keke biyu da fitila, ban lissafa wata nawa ba amma ban maida ɗinkin Sallah na kowa ba, wannan ya ishe ni.

Malam na Zariya:
Sannu da zuwa mutumin Maradi, Allah ya ƙara zumunci. Abin da ka faɗa ma yana cikin lissafi ko da ba a rubuta shi da naira. Ni tun da na ajiye inji nake barci, jikokina suna karatu da daddare ba hayaniya. Kuma duk shekara sai mun ji labarin iyalin da suka kwanta da inji a kusa da ɗaki hayaƙi ya kashe su gaba ɗaya, abin da ke tayar min da hankali kenan.

Alhaji na Kaduna:
Ni tambayata daban. Mu an saka mu band A, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 daga baya aka dawo da shi 209 da rabi. Wuta kam muna samu ba laifi amma kati kamar ana zuba ruwa a kwando. Ni ya dace in saka?

Injiniya:
Ranka ya daɗe kai ne ma ka fi kowa sauƙin lissafi. Yunit 13 a rana sau 209 da rabi kusan naira 2,700 ne, dubu 82 a wata, in dai gidan yana shan su da rana, esi da firiza da famfo. Kuma tunda dare kuna da wuta ba ka buƙatar babban batir, ka ƙara faranti ka rage batir, kuɗin zai sauko sosai, ƙasa da shekara uku za ka fita. Amma wanda yake band na ƙasa da yunit ɗinsa bai kai naira 70 ba, kuma ba ya tayar da inji, in an ɗauke ya haƙura ya kwanta a tsakar gida, shi yunit 13 ɗin dubu 25 ne a wata, sai ya shekara goma sha ɗaya kafin miliyan 3.3 ta fito, batirin ma ya tsufa kafin nan. Irin wannan in ya saka to jin daɗi ya saya, kuma ba laifi ba ne, amma kar a ce masa jari ne. Shi ya sa ba amsa ɗaya, ya danganta da me kake maye gurbinsa. Ƙaramin inji lita ɗaya da ƙyar take ba ka yunit biyu, kenan mai inji yana sayen yunit a naira 500 ko fiye ba tare da ya sani ba.

Ɗalibi:
Mu 'yan haya fa? Ina ganin tashar sola ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019 ina sha'awa, amma ni ɗaki ɗaya gare ni kuma mai gida ya ce ba wanda zai huda masa kwano.

Baban Ilham:
Ka sayi faranti ɗaya da fanka mai caji da ɗan ƙaramin akwatin nan mai batir a ciki, ka jingina farantin a tsakar gida da safe ka shigar da shi da magariba. Ƙanina haka yake yi, ranar tashi ya ɗauki abinsa a adaidaita.

Ɗan Kwari:
To na ji, amma Baban Khalifa kar ka kuskura ka ci bashin banki a kan wannan. Ban da maganar riba a addini, ko a lissafi ba ta fita. Babban banki kansa ya kai ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, na kasuwa ya fi haka. Kashi 30 na miliyan 3.3 dubu 990 ne a shekara, dubu 82 a wata, kai kuma abin da za ka rage dubu 85 ne. Wato banki kake yi wa aiki.

Baban Khalifa:
Bashin ruwa kam ba na kusa da shi. Amma yanzu kun sa na fara tunanin ko fili ma ba sai na taɓa ba. Injiniya in na ce miliyan biyu ce a hannuna, daga kofaretib ɗin ofis da abin da na tara, me za a cire?

Injiniya:
Fara da rage lodi kafin ka sayi komai. Fankokinka uku tsofaffi kowacce wat 70 ce, awa goma yunit 2.1 kenan, rabin batirinka ya tafi a fanka kawai. Masu ƙaramin ci na wat 30 guda uku yunit 0.9 za su sha. Kuɗin canja fanka uku bai kai kuɗin yunit ɗaya na litiyam ba. Ƙwayaye takwas masu wat 10 awa biyar 0.4, talabijin 0.3, firij mu ce 1 a dare. Jimla yunit 2.6. Ka ga ba dole sai mai yunit 5 ba in ka yarda za a riƙa kashe firij bayan sha biyu, amma ni da zan zaɓa gara in riƙe batirin mai 5 in fara da faranti huɗu, don faranti ƙara su abu ne mai sauƙi daga baya in dai inbatar tana da wuri, batir kuwa haɗa sabo da tsoho ba ya daɗi. Guga da famfon bohol tsakanin sha ɗaya da uku na rana kawai, ka kafa wannan doka a gida.

Malam na Zariya:
Kuma a wanke faranti. Lokacin hazo duk kwana uku nake sa yaro ya hau da bokiti da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi, in ka bar su sati biyu za ka iya rubuta sunanka da yatsa a kai, a allon inbata kana ganin yadda wutar ta ragu. A kafa su suna kallon kudu da ɗan karkata, kar a shimfiɗe su kwance. Watan Agusta kuma ka sa a ranka akwai kwana biyu uku na hadari da batir ba zai cika ba, don haka kar ka sayar da injin tukuna.

Baban Ilham:
Sannan a kula da jabu don Allah. Akwai masu manna takardar 550 a bayan farantin da bai kai ba, akwai litiyam da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka sa a sabon akwati. Ka je da wanda ya sani ya gwada a rana a gabanka, kuma garanti a rubuce da hatimin shago, ni da baki aka yi min shi ya sa ban da abin kamawa. Kar ka yarda a cire maka kariyar tsawa da sandar ƙasa wai don a rage kuɗi, maƙwabcina damina ɗaya inbatarsa ta ƙone.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na sake bugawa: batir miliyan 1.4, faranti huɗu dubu 560, inbata 650, aiki da waya mu ce 350, miliyan 2.96 kenan, har yanzu ya fi ƙarfin abin da ke hannuna da kusan miliyan ɗaya. Ina ga zan jira adashenmu na watan huɗu ya fito in cike, kafin nan in canja fankokin in kuma fara rubuta litar da nake saye kullum a littafi don in san ainihin adadin. Filin dai na fasa sayarwa. Injiniya in ba damuwa zan turo maka hoton takardar ta akwatin sirri ka duba min kaurin wayar da ya rubuta.

Injiniya:
Ba damuwa Alhaji, turo. Ka haɗa da hoton takardar da ke jikin famfon bohol ɗin, in mai ƙarfin doki ɗaya ne inbata 3.5kVA ma za ta iya tayar da shi da rana, sai dai yawancinsu 24V ne, dole batirin ma ya zama mai 24. In hakan ta yiwu za ka rage wajen dubu 200.

Maman Sadiq:
Alhaji a bar wa firizar Maman Khalifa wuri a lissafin dai, ku tambayi Injiniya ko faranti huɗun za su ɗauke ta tare da famfo.

Injiniya:
Za su ɗauka Hajiya, in dai ba lokaci ɗaya aka tayar da su ba. A fara ɗiban ruwa, tanki ya cika a kashe, sannan a kunna firiza.